Takalman Hagu na Baba

Shekara goma sha tara Baba ya yi da ƙafa ɗaya, amma bai taɓa sayen takalmi ɗaya ba. Tun da gungumen itace ya faɗo masa a wurin yankan katako aka yanke ta hagu daga gwiwa, duk takalmin da ya saya sai ya sa na dama, na hagun kuma ya goge shi da mai, ya cusa masa takarda, ya sa a saka masa shi a wani kwali da ke kan kabad. Mai takalman bakin layinmu ya sha ce masa zai ɗinka masa guda ɗaya. Baba ya ce shi bai san wani mai ƙafa ɗaya a gidanmu ba, akwai dai wanda tasa ta riga shi tafiya.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, a asibitin da aka yi masa aikin nake, na kuma san abin da ake yi da ƙafar da aka yanke. Wata rana haƙurina ya ƙare, na gaya masa.

"Baba, ƙafar nan fa ƙone ta aka yi. Ko tokarta babu."

"To, Likita." Haka yake kirana in zai yi mini tsiya. "Da aka yi ta da farko, ke aka tambaya inda za a samo kayan aiki?"

"Ba ka ganin maganar tashin matattun nan ta ruhu ce kawai?"

"Yesu da ya tashi, hayaƙi ne ya fito daga kabarin? Da ƙafafunsa ya fito. Ya taka hanya, aka taɓa shi, har abinci ya ci. In bai tashi ba, ki kwashe kwalin nan ki zubar, ki haɗa da cocin da waƙoƙin uwarki, duk shara ɗaya ce. In kuwa ya tashi, ni ma zan tashi, kuma ba da sanda ba."

Na ƙyale shi, ba don na yarda ba. Coci ina zuwa, waƙa ina yi, har da tafi. Amma da hannuna na rufe idon mutanen da ban san adadinsu ba, kuma ban ga wanda ya sake buɗewa ba.

A bakin ƙofar asibitinmu akwai wani mai gyaran agogo, da ɗan teburinsa da lema. Shi ƙafar dama ce babu. Kullum in na wuce sai na ga silifas ɗinsa guda, ya tsinke an ɗaure da waya, alhali ga takalma goma sha ɗaya sababbi fil a kan kabad ɗinmu suna jiran ƙarshen duniya. Shekara biyu da suka wuce, ranar da muka tashi zuwa ƙaramin gida, na juye su a buhu na kai masa. Suka yi masa daidai kamar an gwada. Kwalin na cika shi da tsofaffin labule, na ɗaure, na mayar kan kabad. Baba ba ya iya hawa kujera, ya kuma daina sayen takalmi tun da ya bar aiki, Mama kuwa ba ta taɓa kayansa. Na ɗauka na yi aikin lada da wayo a tafiya ɗaya.

Baba ya rasu ranar Talata da hantsi. Aka sa jana'iza Juma'a, ƙarfe goma.

Da safiyar Juma'ar na tarar Mama ta goge masa riga da wando, ta ajiye takalminsa ruwan ƙasa na dama a kan gado, wanda dunduniyarsa ta cinye ta gefe guda.

"Sauko mini da kwalin nan," ta ce. "Ya ce ruwan ƙasan za a sa masa, duka biyun. Sau uku yana faɗa mini."

Na hau kujera. Na sauko da shi, na kwance igiyar, tun da ba ni da wata dabara. Mama ta leƙa ta daɗe tana kallo.

"Labulayen nan na nema har na gaji," ta ce.

Na gaya mata komai. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta ninke labule ɗaya, ta ɗora a kan gwiwarta, ta dubi agogon bango.

"Ƙarfe goma za a rufe akwatin."

A hanya kunya ta ishe ni, tsoro kuma ya fi ta. Mutumin nan bai taɓa roƙona komai ba, ko ruwa da kansa yake ɗingisawa ya ɗebo. Abu ɗaya ya bari a yi masa, shi ne na bayar kyauta, na kuma yi shekara biyu ina gaishe shi da safe ba ko gezau. In takalmin ya mutu an jefar fa? Shekara biyu a ƙafar mai ƙafa ɗaya ba wasa ba ce.

Na sami mai agogo da gilashinsa maƙale a ido ɗaya, yana tsintar wani abu da ɗan hantsaki. Baƙin takalmin Baba ne a ƙafarsa. Ya yi mini gaisuwar rashi, na amsa, na fara kame-kame.

"Malam, don Allah, cikin takalman nan da na kawo maka, akwai wani…"

"Ruwan ƙasa," ya ce, bai ko ɗago ba. Ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya jawo wata leda. "Ya ce za ki zo."

"Wa?"

"Mahaifinki mana, Sista. Duk zuwan da zai yi ganin likita sai ya zauna a bencin nan. Ran farko ya kawo agogo gyara, ya kalli ƙafata, ya kalle ni, ya ce, 'Bai matse ka ba?' Na ce a'a. Ya ce to madalla, ɗan'uwan takalmin na gida yana gaishe shi."

Na zauna a bencin.

"Bai yi fushi ba?"

"Dariya ya yi har sandarsa ta faɗi. Ya ce 'yarsa ta fi shi hankali, sai dai ta cika gaggawa. Sauran ya ce in kashe su duka. Wannan kaɗai ya ce in sa shi wata shida ya buɗe, sannan in ajiye masa. Wai sabon takalmi cizo yake yi, shi kuwa ranar nan ba ya son ɗingishi."

Na buɗe ledar. An goge shi, an cusa masa takarda. Fatar ta yi laushi, ta karye a wurin yatsu, dunduniyar ta ɗan cinye. Kuka ya zo mini irin wanda ban yi ba tun Talata, a bakin ƙofar wurin aikina, masu gadi suna kallo. Mai agogo ya mayar da gilashinsa ido ya ci gaba da aikinsa, na kuma gode masa da hakan.

Goma saura kwata na isa ɗakin ajiye gawa. Mama tana tsaye, Fasto yana duba agogo a ɓoye. Ma'aikacin wurin, wanda muka saba da shi, ya riga ya shirya Baba tsaf. Ya naɗe ƙafar wandon ta hagu ya maƙale da fil, yadda ake yi wa masu ƙafa ɗaya. Ya ga takalmin a hannuna, ya matso ya rage murya.

"Sista, wannan a ina za mu sa shi?"

Na cire fil ɗin na ba shi. Na warware ƙafar wandon, na miƙar da ita har ƙasa, na shafe yamutsewar da tafin hannuna. Na ajiye takalmin a bakinta, kusa da ɗan'uwansa. Karo na farko ke nan da na ga takalman Baba biyu sun yi kama da juna.

"Ya buɗe kuwa," Mama ta ce.

Ma'aikacin ya kama murfin akwatin. Na ce ya dakata. Na sunkuya na sassauta igiyar takalmin har ƙasa, na ja harshensa waje, saboda Baba ba ya son ɓata lokaci in zai fita.