Ramin Baba Mai Rediyo

Tifa ta gama juye yashin ta yi gaba kafin Tela ta samu ta zura takalmi. Da ta buɗe ƙofa sai ta tarar da tudu har gwiwa, rabi a bakin shagonta, rabi a ƙofar maƙwabcinta. Ta haura yashin da almakashi a hannu, ta banka ƙofar Baba Mai Rediyo ba ko sallama.

A tsakar gidan, inda igiyar shanya take a da, an haƙa rami mai faɗin ɗaki guda. Magini yana ciki, kansa kaɗai ake gani. Baba na zaune a kan kifaffen bokiti, da takarda a cinya da fensir a bayan kunne.

"Baba! Yashin wa aka zuba mini a ƙofa?"

"Shayi? Na sha tun ɗazu, na gode."

Magini ya tuntsire da dariya daga cikin ramin. Tela ta matso, ta ɗaga murya yadda ta saba.

"Na ce yashi! Kuma wannan ramin na mene ne?"

"Au. Ai kwangilarki ce, maƙwabciya. Kin manta?"

Ba ta manta ba. Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakaninsu. Yana gyaran rediyo da lasifika a ɗakin gaba na gidansa, ita tana ɗinki a nata, kuma babu abin da ya taɓa haɗa su sai da kunnensa ya fara tafiya. Kullum idan ya rufe shago da yamma sai ya sa tsofaffin kaset-kaset ɗinsa, duk shekara kuma sai ya ƙara murɗa ƙarar, har ta kai gilashin tagarta na rawa, allurai na tafiya da kansu a kan tebur. Ga ta da hawan jini da ciwon kai. Wata uku da suka wuce, ranar da ta yanka yadin wata amarya a karkace, ta hau kujera ta leƙa ta kan katanga ta ce masa wallahi sai ranar da aka binne shi da akwatunan kiɗan nan nasa layin zai samu lafiya. Ya dube ta jim kaɗan, ya ce, "To, bari in binne su tun da raina." Ta ɗauka baƙar magana ce kawai ya mayar mata.

"Ɗaki zan yi musu a ƙasa," in ji shi, yana miƙa mata takardar. "In na shiga na rufe, ko da ganga goma ake bugawa ba za ki ji ba."

"A wannan shekarun naka? 'Yarka ta sani?"

"Wa?"

"'Yarka!"

"Iska ce yau ba laifi," ya ce, ya juya wajen Magini. Ta gane wannan kam ya ji sarai.

Aikin ya ci wata huɗu. Baba bai sayi sabon abu ba sai siminti. Bulo daga wani gini da aka rushe a bayan tasha ya samo shi, Magini ya jera shi bango biyu, aka bar tazarar tafin hannu a tsakani aka cika da busasshen yashi. Aka shafe waje da kwalta saboda danshi, aka zuba rufin kankare, aka mayar da ƙasa a kai. Bututun iska ma sai da aka lanƙwasa shi sau uku. Magini ya kawo shawarar a manna kwalayen ƙwai a bango, Baba ya ce wannan ado ne kawai.

"Ƙara nauyi take tsoro. Kuma in ta ga kafa ko ta bakin allura ce sai ta bi."

Saboda haka ƙofa biyu aka sa. Ta sama ta katako ce mai kauri, ta ƙasa kuwa ƙofar wani mataccen firjin kanti ce da robarta, in ta rufe sai ka ji kunnenka ya toshe.

Tela ta yi sati biyu ba ta leƙa ba. Ranar da ta ga yana jan wata tsohuwar katifa a titi, yana tsayawa duk bayan taku biyar yana riƙe ƙirji, ta ajiye rigar da take yi wa kalmasa ta fito ta kama masa gefe ɗaya.

"Wannan ƙazamar za ka manna a bango? Ƙura ce za ta kashe ka."

Bakinta ya riga ta. Shi kuwa bai nuna ya ji ba.

Tana da buhu shida na ƙyallayen da suka rage daga ɗinki, shekara da shekaru ta kasa zubarwa. Ta zazzage su ta fara haɗa manyan barguna masu kauri, tana cusa musu auduga da guntayen soso. Ba ta ce masa komai ba, sai dai ya ga tana jefo su ta kan katanga ɗaya bayan ɗaya. Da aka rataye su bangon ɗakin ya zama kamar kasuwar yadi, ga ja ga ruwan ƙwai ga ragowar rigar makarantar yaran da yanzu suka yi aure.

Ranar da suke ratayewa ne ya nuna mata kaset ɗin. Tsoho ne, rubutun jikinsa ya goge. Ya ce da yana saurayi shi ne mai haɗa wa wasu makaɗa na'ura a wani otal, ƙaninsa ne mai buga musu ganga. Su bakwai ne, duk sun rasu, ƙanin shi ya fara tafiya yana ɗan shekara talatin.

"Mai waƙar na daina jin sa tuni. Mai jita ma ya tafi bara. Saura gangar yaron nan, ita ma sai na ƙure. In ta tafi shi ke nan, na rasa shi karo na biyu."

Tela ta ci gaba da buga ƙusa. Shekara huɗu tana zagin wannan gangar ta kan katanga.

An gwada ɗakin wata ranar Talata da hantsi. Baba ya sa ta tsaya a tsakar gidanta, Magini a bakin titi, ya sauka matakalar nan goma sha ɗaya ya rufe ƙofofin. Ta tsaya tana jira a fara. Tana jin kajin gidan baya, tana jin famfo na ɗiga. Can sai ga shi ya fito yana haki, gumi ya jiƙa masa riga.

"Kin ji?"

"Ji me? Ka kunna ne?"

"Har ƙarshe na murɗa!" Ya tafa hannu kamar yaro. "Magini, ka ji? Ta ce wai na kunna ne!"

Sau biyar kawai ya shiga ɗakin bayan wannan. A na biyar Tela ta ga rana ta yi sanyi shagonsa na buɗe ba kowa, wani da ya kawo gyaran rediyo na ta ƙwala sallama. Ta zagaya ta same shi zaune a mataki na huɗu, bayansa jingine da bango, ƙafafunsa sun kumbura sun cika takalmin. Ya ce hutawa yake. Ta kira Magini suka ɗauko shi, ta lalubo lambar 'yarsa a jikin kalandar shago.

'Yar ta iso washegari daga garin da take koyarwa. Kwana tara suka yi a asibiti. Likita ya ce zuciya ce, ta daɗe tana gajiya, ya rubuta magunguna ya ce a kai shi gida ya huta, kuma ko mataki ɗaya kada ya hau ko ya sauka. Da suka dawo 'yar ta tsaya a bakin matakalar tana kallon ƙasa.

"Anti, kina kallo ya yi wannan aikin? Mutum mai shekara saba'in da huɗu? Ko waya ba ki yi mini ba."

"Ni ce ma sanadi," in ji Tela. Ta gaya mata abin da ta faɗa a kan katanga, ba ta rage ko kalma ba.

'Yar ta juya. Ta shige ciki, kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa su. A rana ta uku ita da kanta ta ƙwanƙwasa shagon ta ce Baba ya ƙi shan magani, wai ba ya jin abin da take cewa, ko Anti za ta zo ta yi masa tsawa.

An shimfiɗa masa katifa a falo kusa da ƙofar baya, don iska. Ya rame sosai, fensirin ma babu a kunnen. Tela ta ba shi ƙwayoyin ya haɗiye ba musu. Ta zauna a ƙasa kusa da kansa, ta so ta yi maganar a hankali, amma ta san in ta sassauta murya ba zai ji ba. Dole ta ɗaga, har 'yar da ke kicin tana ji.

"Baba, maganar da na faɗa maka ranar nan! Ka yafe mini!"

"Wacce a ciki? Ai suna da yawa."

"Ta binnewa!"

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "Maƙwabciya, shekara huɗu kowa a layin nan murmushi yake mini yana motsa baki kamar kifi. Ke kaɗai nake ji. Ko zagi ne, ai magana ce." Ya ɗan huta. "Zuciyar nan tun kafin ramin likita ya gaya mini. Ban faɗa wa yarinyar nan ba ne. Kada ki ɗauki kayan da ba naki ba."

Ta goge fuska da bakin mayafi. Ya ɗaga yatsa ya nuna ƙofar baya.

"Abu ɗaya za ki yi mini. Ki sauka. Kaset ɗin na ciki. Ki danna jan maɓalli, sai ki murɗa har inda na sa farin fenti. Ki bar ƙofofin a buɗe."

Ta dubi 'yar, wadda ta fito ta tsaya da cokali a hannu. 'Yar ta gyaɗa kai.

Ƙasan akwai sanyi da warin siminti. Kujera ɗaya ce a tsakiya, tana fuskantar manyan lasifiku biyu da ya haɗa da hannunsa. Tela ta tokare ƙofar firjin da bulo, ta danna jan maɓallin, ta murɗa. Gangar ta doke ta a ƙirji kamar an ture ta. Ta toshe kunnuwa ta hau matakalar da gudu.

Kafin ta kai falo layi ya fito. Mai kemis na tsallake ya taho yana ɗaga hannu, yana cewa ba an ce an gama da wannan fitinar ba? Tela ta tare shi a bakin ƙofa.

"Ni na kunna. In da magana ka yi da ni."

Ya leƙa ta kafaɗarta ya hango katifar. Ya sauke hannu, ya tsaya nan bai koma ba. Magini ma ya zo ya jingina da bango da cebur ɗinsa.

Baba ya sauke hannu ɗaya daga katifar ya shimfiɗa tafinsa a kan siminti. Idonsa a rufe. Da farko ba abin da ya motsa, sai can yatsunsa biyu suka fara bin kiɗan, suna ɗan makara, suna kamowa. 'Yar ta durƙusa kusa da shi.

"Ga shi nan," ya ce mata. "Kawunki ne. Nan wurin kullum sai ya yi sauri, su yi ta harararsa."

Kan Tela na sarawa kamar zai tsage, amma ba ta tashi ba har kaset ɗin ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa. Ta tambaye shi ko ta juya ɗaya gefen. Ya ce a'a, a bari sai gobe.

Washegari bai farka sosai ba. Kwana na biyu da safe, 'yar ta fita karɓo magani, Tela na zaune gefensa tana sa wa wata riga maɓallai, sai ta lura bargon ya daina hawa da sauka. Ta kira shi da ƙarfi sau biyu, irin kiran da yake ji. Sannan ta soke allurar a jikin rigar, ta gyara masa hannun da ya zamo, ta zauna tana jiran ƙarar ƙofa.

Mutane sun zo fiye da yadda ta zata, har da waɗanda rediyonsu ke shagon shekara biyu ba su karɓa ba. Bayan sati guda aka watse. 'Yar ta ce ba ta san abin da za ta yi da gidan ba tukuna, ta kulle ƙofar katakon, ta ba Tela mabuɗi ɗaya ta ce ko ruwa zai shiga.

Ranar da za ta koma, ta wanke kayan uban tun da safe. Da yake babu igiya a gidan, sai ta shanya su a kan katanga. Motarta ta tashi kafin su bushe. Tela na kan keken ɗinki ta hango su ta taga, riguna huɗu da wando biyu, hannayen rigunan sun sauko ta ɓangarenta suna ɗiga a kan tukwanen furenta. Ta bar su har rana ta karkata, sannan ta fita ta kwashe, ta ga wuyan ɗaya ya tsage, ta shigo da ita ta nemi zare mai ruwan toka.