Saura Minti Arba'in da Ɗaya

Tun daga bakin ƙofa warin ya tare Injiniya, sai da ta toshe hanci da mayafi. Ƙwai dubu biyu ne yayanta ya zuba a injin ƙyanƙyasa, yau kwana ashirin da ɗaya, ko ɗan tsako ɗaya bai fito ba. Wasu sun fashe, ruwansu kore-kore yana ɗiga ƙasa. Matar yayan na durƙushe da bokiti tana kwashewa, shi kuma yana tsaye a kanta yana zazzaga masifa.

"Ke kika buɗe! An ce kar a buɗe ƙofar nan, amma hannunki ba ya zama wuri ɗaya!"

"Wallahi ban taɓa ba," in ji matar, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Injiniya ta jona kwamfutarta da injin. Ofishinsu ne ya rubuta manhajar da ke juya faifan ƙwan duk bayan awa ɗaya, don ƙwan da ba a juya shi, ɗan tsakon mannewa yake yi da ɓawo ya mutu. Manhajar takan saita agogo ta kwanta, in ya buga ta farka ta juya. Injiniya ta tambayi agogon minti nawa ya rage masa. Ya ce minti arba'in da ɗaya. Sau nawa ya buga tun da aka kunna? Ko sau ɗaya.

Nan take ta gane. Akwai agogon da ke tafiya kamar na bango, akwai kuma wanda ba ya ƙirga komai sai lokacin da manhajar ke aiki. Na biyun aka saita wa manhajar da barci ne sana'arta. Mako uku cur, aikin minti sha tara ta yi, fitilar injin kuwa tana ta nuna lafiya lau.

Injiniya ta fita tsakar gida ta kira abokin aikinta da ya rubuta layin saita agogon a manhajar, wanda ake wa laƙabi da Gwani, laƙabin da shi ya raɗa wa kansa.

"Kai, ashe haka ne?" Har da 'yar dariyarsa, tana jin yana tauna wani abu. "To ai kin ce yayanki ya riga ya ɗora wa matarsa laifin. Ki bar shi a haka mana. Kar ki manta ke kika sa hannu a kan aikin."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ta ƙyama ke nan. Ta sa hannu ba ta karanta ba, don ranar tana sauri. Ta kashe wayar ta koma ciki.

"Yaya, Anti ba ta buɗe komai ba. Injin bai taɓa juya ƙwan nan ba. Laifinmu ne, ni da ofishinmu."

Yayan ya dube ta, ya dubi injin, ya ja tsaki ya fice. Ko kallon matarsa bai yi ba, balle ya ba ta haƙuri.

Matar ta miƙe a hankali tana dafe da ƙugu, ta ɗauraye hannunta, ta turo bokitin da ƙafa har gaban Injiniya.

"Faifai tara suka rage, ƙanwata," ta ce. "Na ƙasan sun fi wari."