Daminar Kurkunu

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, kurkunu ya fito wa mijina a idon sawun hagu. Ba zan ɓoye ba, ban yi baƙin ciki yadda ya kamata mace ta yi ba.

Sama'ilu sunansa, ko da yake bakina bai taɓa furta shi a gabansa ba. Ɗan kokawa ne. Duk ƙasar Roni an san shi, har Gwiwa da Babura, har ƙetaren iyaka. Mutane suna ganin ɗan kokawa a fage na ɗan lokaci, su yi ihu su watse. Ni ce mai ganin sauran. Da ya idar da sallar asuba zai saɓa buhun yashi ya hau dutsen bayan gari da gudu, ya sauko, ya sake hawa, har sau bakwai. Ya dawo ya rungumi wani tsohon turmi da ya cika da duwatsu, ya yi ta ɗagawa yana direwa. Ran salla ma ba ya fashi. Ranar sunan 'yarmu Saude sai da ya hau dutsen nan kafin a yanka rago. Ya riga ya sa wa ransa cewa ranar da ya yi fashi ɗaya ƙarfinsa zai fara tsiyayewa, kuma Halliru na Babura, wanda ya ba shekara goma, yana can yana jiran ranar.

Da an gama girbi kuwa sai ya bi makaɗa ya tafi, wata biyar, wani lokaci shida. Ya dawo da rago ko bargo, da yatsa a karye, da kafaɗar dama da ba ta ɗaguwa sai na gasa ta da ruwan zafi. Haihuwa biyu na yi ba ya nan. Ɗanmu na biyu ƙyanda ta ɗauke shi yana Magarya, sai bayan kwana goma sha ɗaya labari ya riske shi. Shekara goma sha uku ina wannan zama. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya yi wa komai.

Kurkunun ya fara ne da ƙaiƙayi, ana tsakiyar noman farko. Wurin ya tashi ya yi bororo, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Rana ta uku ya tsoma ƙafar a ruwa, sai ga kan abin ya leƙo, fari siriri kamar zare. Duk wanda ya tashi da ruwan tafki ya san sauran. Tsinke ake samu a naɗe kan a jiki, kullum a murza kaɗan, iyakar abin da ya yarda ya fito. In an ja ya tsinke, ragowar ta ruɓe a ciki, ƙafa ta kumbura, wani ma ta sandare har abada. Ni ce mai naɗin. Kullum da hantsi in zauna in ɗora ƙafarsa a cinyata, in zuba ruwa, in murza. Wata rana a samu tsawon gaɓar yatsa, wata rana ko ƙwayar gero.

Kwana huɗu ya iya daurewa. A na biyar na dawo daga rijiya na tarar da shi tsaye a kan ƙafa ɗaya da rabi, ya rungumi turmin nan, jijiyar wuyansa ta fito, ƙyallen da na ɗaure tsinken da shi ya kwance, kurkunun ya miƙe ɗam. Na dire tulu ban san na dire ba.

"Ajiye shi!" na ce. "Wallahi ka ajiye shi ko in tara maka jama'a."

"Tasalla, kaka saura wata uku. Kina so yaron nan ya kwantar da ni a gaban mutanen garina?"

"In ya tsinke, da sanda za ka je kallon Hallirun."

Ya ajiye, ya zauna yana haki. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ran nan. Na aika aka kira Malam Nicodemus, mai ba da magani a ɗakin shan magani na Roni, mutumin kudancin Zariya da ya daɗe a cikinmu har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Da la'asar ya iso a kan Hondarsa, ya tsuguna ya duba ƙafar, ya wanke ta, ya yi tsaki.

"Saura ƙiris," ya ce. "Zakara, me kake wa gaggawa?"

Sama'ilu ya gaya masa. Malam Nicodemus ya yi dariya har tabaransa ya zame.

"Shekara nawa kana hawan dutsen nan?"

"Ta kai ashirin."

"To abin da aka tara a shekara ashirin ba ya zubewa a wata biyu. Numfashi zai ɗan ragu, mako biyu ya dawo. Amma ƙarfi yana nan, jiki ba ya mantuwa. Kafaɗar nan taka ma da ba ka taɓa bari ta huta ba, ita ce za ta fi kowa gode wa kurkunun nan. Ka kwanta. Uwargida, ki riƙa tace ruwan sha da ƙyalle, kuma ki riƙa tuna masa abin da na faɗa, don na ga kunnensa na ƙashi ne."

Na ce to. A raina kuwa na ce wannan zancen 'yan boko ne, irin wanda ake lallashin majinyaci da shi. Na ga shanun huɗa da suka kwanta wata guda, na ga yadda suke tashi. Na tabbata namijin da ya haura talatin da biyar, in ya kwanta kwana hamsin, fage ya wuce shi. Kuma, Allah ya yafe mini, abin da nake so ke nan.

Saboda haka na riƙe maganar Malam Nicodemus na mai da ita abin faɗa kullum. Duk hantsi, ƙafarsa a cinyata, zai tambaya, ni kuma in amsa.

"Tasalla, dubi cinyar nan. Ba ta rame ba?"

"Ƙarfinka yana nan. Kwanta."

Cinyar kuwa ta rame, ina gani. Damtsensa ya saki. Ina murza tsinke a hankali, a hankali ƙwarai, har fiye da yadda ake bukata, ina ƙirga kwanaki.

Daminar nan ba ta zo mini da sauƙi ba. Ƙanensa ya taimaka da maimai, sauran ni ce a gona da fartanya, ni ce a rijiya, ni ce a murhu, ni ce mai jinya. Bayana ya riƙe, tafin hannuna ya tsage. Amma ina shigowa gida sai in tarar da namiji zaune a inuwar zaure, abin da ban saba gani ba. Makon farko masifa ya yi ta yi, tuwo ya yi tauri, kaji sun dame shi. Mako na uku ya sa aka kawo masa kaba ya fara tufkar igiya. Ya gano cewa Saude tana da in'ina in ta ji tsoro, yarinya 'yar shekara bakwai, sai yanzu ubanta ya sani. Ya koyi yin barci bayan azahar. Wata rana ya tambaye ni a wane gefen makabarta aka sa ɗanmu da ya rasu. Na gaya masa. Igiyar ta faɗi daga hannunsa.

Wajen kwana na talatin ya daina tambaya. Ni ce ma na ga shirun ya yi yawa na ce, "Yau ba ka duba cinyar ba."

"Na bar dubawa," ya ce. "Kullum kina cewa yana nan. Ba ki taɓa yi mini ƙarya ba, Tasalla. Na yarda. Rabona da in kwanta raina a kwance haka tun ina saurayi."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da naɗi. Kunya ta kama ni, amma ba ta kai ta sa in canja burina ba.

Ranar kwana hamsin da biyu wutsiyar ta fito cif, ba ta tsinke ba. Da na warware shi a ƙasa ya kusa kamu biyu. Ramin ya rufe cikin mako guda. Na zaci zai ruga dutse, sai na ga yana tafiya kawai, safe da yamma, zuwa gona ya dawo. Bayan kwana goma ya hau dutsen ba buhu, sau biyu, ya dawo yana haki kamar tsoho. Na kawo masa ruwa, na ce sannu, raina fari tas. Turmin ma sau uku kacal na ga ya taɓa shi kafin a yanke gero.

Aka sa kokawar kaka ranar kasuwa bayan la'asar, a filin da ke gindin dutse. Mu mata muna sussuka a kan falalen dutse, daga can ana hango fage sarai. Dela, matar ƙanensa, ta ce in zo mu matsa gaba, na ce a'a, nan ma ya isa. Na riga na shirya abin da zan ce masa in an dawo da shi. Har ruwan zafi na bari a kan murhu.

Yara suka yi nasu, samari suka yi. Sannan kiɗa ya canja, Halliru ya fito, dogo, baƙi, jikinsa yana sheƙi, layu har gwiwar hannu. Sama'ilu ya fito daga ɗaya gefen da tsohon walkinsa. Daga nesa ma ana ganin ya faɗa. Na ji wata a bayana ta ce, "Wayyo, da ya haƙura bana."

Suka sunkuya, suka zagaya juna. Halliru ya kai hannu ƙafar hagu, mai tabon, kamar yadda kowa ya san zai yi. Sama'ilu ya janye ta, ya shiga da kafaɗar dama. Kafaɗar nan da na shekara takwas ina gasawa, wadda ba ta iya ɗaga buta sama da kai. Da ita ya shiga ƙarƙashin yaron, ya ɗaga shi cak har ƙafafunsa suna harbin iska, ya juya, ya nana shi da ƙasa. Ban gama sauke taɓarya ba aka gama.

Fili ya ɗauki ihu. Dela ta rangaɗa guɗa a kunnena, mata suka yi ta rungumata suna cewa barka. Na ce yawwa, barka kadai. Na koma kan turmina na ci gaba da sussuka, don hannuna yana bukatar abin yi.

Kafin magariba ya shigo gida, makaɗa suna ƙofa. Ya tsuguna a gabana a bakin murhu, abin da bai taɓa yi ba, ƙura har gira, yana murmushi kamar yaro.

"Ashe gaskiyarki ce," ya ce. "Wallahi ko zafi kafaɗar ba ta yi ba. Da ba don ke ba da na tsinke abin nan tun makon farko. Ke kika kayar da Halliru, ba ni ba."

"Allah ne," na ce.

"Mutanen Magarya sun zo kallo. Jibi motarsu za ta juya, da ni za su tafi, daga can sai Damagaram. Na ga Malam Nicodemus a bakin fage. Ya ce in dai zan riƙa hutawa haka duk damina, ba abin da zai hana in ƙara shekara goma ina kokawa. Kin ji, Tasalla? Da har na fara tunanin bana ce ta ƙarshe. Shekara goma!"

Na dube shi. Murna ce zalla a fuskarsa, ba mugunta ko kaɗan, yana jira in taya shi.

"Allah ya kai mu," na ce.

Ya fita wurin makaɗansa. Na zauna har kiɗan ya yi nisa, sannan na dafa gwiwa na tashi, na auno gero na jiƙa, don guzurin jibi ba zai daka kansa ba.