Famfon Uwar Soja

"Ci gaba da haƙa, Leah. In hukuma ta zo kamu, ni za ta kama."

Uwar Soja ce ke magana. Tana zaune kan kujera 'yar tsugunno, ta jingina da bango, ta lulluɓa da bargo da rana tsaka. Leah, matar ɗanta marigayi, ta riga ta yi rami har gwiwa a gindin famfon da ke tsakar gidansu. Ni kuwa na leƙo ta kan darnin da ya raba gidajenmu.

"Yaya Keziya, ki rufa mana asiri," na ce. "Wanga ƙarfe kayan hukuma ne fa!"

"Adama, in tsoro kike ji, koma wajen daddawarki. In ba tsoro ba, zo ki kwashe ƙasa."

To, wa zai ce da ni matsoraciya a unguwarmu? Na ɗaure zane na zagayo.

Keziya sunanta, mutuniyar kan dutse ce daga wajen Dabai, amma duk Zuru ba mai kiran ta sai da Uwar Soja. Mun daɗe muna maƙwabtaka, ita da cocinta, ni da sallata, faɗanmu bai taɓa wuce na kaji ba. Ɗanta ɗaya tilo, Solomon, ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba. Kuɗin da aka biya ta na ransa ba ta ci ko ƙwandala ba, kwano ta saya ta rufe ɗakunanta biyu. Ta ce tunda ba a kawo mata gawarsa ba, a ƙarƙashin guminsa za ta zauna, a nan kuma za ta mutu.

Bayan yaƙi ne ma'aikatan ruwa suka zo suka kafa mata famfo, suka ce ruwa na tafe. Ruwa bai zo ba. Wallahi ko ɗigo. Kullum ni da Leah a rafi muke haɗuwa, kan famfon kuwa a nan ake shanya tsumma. Abin da ya zo takardar biyan kuɗin ruwa ce. Ta je ta yi musu bayani, aka ce za a duba. Bashi ya yi ta hawa, tun ana rubuta shi da fam da sule har ya koma naira. Daga ƙarshe sai ga ɗan aiken kotu. Ko zama bai yi ba, ya ɗaga kai yana kallon rufin kamar mai taya akuya, ya ce in ba a biya ba za a ɓamɓare kwanon a yi gwanjonsa.

A rediyo muka ji an buɗe ofishin karɓar koke-koken jama'a a Sakkwato. Leah ta yi makarantar mishan, ita ta rubuta kuka aka aika. Amsa ta dawo cewa sun tambayi masu ruwa, masu ruwa sun ce a wajensu an haɗa wa gidan ruwa tun tuni. Maganarta da tasu, ba yadda za a raba. Amma in tana da wata sabuwar shaida, ta sake kawo kukan.

A tsakanin nan ne ciwo ya kwantar da Uwar Soja. Ƙafafu suka kumbura, abinci ya ƙi zama. Asibiti suka ce ta koma gida ta huta, mu kuwa ba yara ba ne, mun san abin da ake nufi. Shi ya sa ranar nan ta sa a haƙa. Ta ce ba ta da lokacin rubuce-rubuce kuma, tana son ta ga inda ƙarfen nan ya nufa da idonta.

Muna cikin haƙa, Leah na sara da diga, ni ina kwasa, sai ta tsaya.

"Mama, ya ƙare."

"Me ya ƙare?"

"Bututun. A nan ya tsaya."

Na leƙa. La'ilaha illallahu! Bututun ya gangara ƙasa, ya lanƙwasa ya nufi hanya, bai kai tsawon taɓarya ba ya yanke. Ba a haɗa shi da komai ba. Sai saiwar mangwaron gidan da ta samu bakinsa a buɗe, ta shige ciki ta yi ƙiba, ta toshe shi tam. Shekara da shekaru muna murɗa kan famfo muna sauraro, ashe mangwaro muke jira ya ba mu ruwa.

Dariya ta kama Uwar Soja har ta koma tari. Leah ta ɗaga gatari za ta fizge saiwar, tsohuwa ta daka mata tsawa.

"Kul! Kada ki cire. In kin cire za su ce jiya na yanke bututun da hannuna. Sare ta daga can baya, ki bar ta a ciki. Ramin ma kada a cike." Ta juyo gare ni. "Adama, ke ce kika san Sakkwato."

"Ni? Da wanga abu a ka?"

"Da kwandon daddawa kike zuwa, shi bai fi wari ba?"

Haka na tsinci kaina a motar Talle direba, da sabuwar takardar Leah a ƙugu, da famfo a naɗe cikin tabarma. Talle ya dube ni ya dubi kayan.

"Inna Adama, bindiga kika saya?"

"Ja motarka, ɗan nema. Shaida ce za ta tahi kotu."

Har kuɗin kaya ya so ya caje ni. Na ce in ya karɓi sisi a kan famfon Uwar Soja, Allah ya isa. Ya bari.

A ofishin, masinja ya ce takarda kaɗai ake shiga da ita. Na ce to ni da kayana tare muka zo, tare za mu shiga. Hayaniyarmu ce ta fito da wani dogon mutum mai farar riga, Malam Maharazu, wanda ke binciken koke. Ban jira ya tambaya ba. Na kwance tabarma, na ɗora masa famfo a kan tebur, busasshiyar ƙasa ta zube kan takardunsa.

"Ranka ya daɗe, kun ce a kawo sabuwar shaida. Ga ta. Ba sabuwa ba ce, ta daɗe a ƙasa."

Ya juya bututun, ya ja saiwar da yatsa, ta ƙi motsi. Ya karanta takardar Leah har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko an cike ramin. Na ce yana nan buɗe.

"Mai kukan fa, mi ya hana ta zuwa?"

 Ni da ba a raba ni da magana, sai ga hawaye. Na ce masa, "Malam, in za ku zo, ku zo da wuri. Matar nan ba ta da sauran kwana da yawa."

Allah ya yi masa albarka, bai ɓata lokaci ba. Ranar kasuwa sai ga shi a Zuru, tare da babban ma'aikacin ruwa da lebura biyu. Unguwa ta cika. Aka bi ramin, aka ci gaba da haƙa har bakin hanya, ba komai sai jar ƙasa. Babban bututun ashe yana can tsallaken titi, bai taɓa ƙetarowa ba. Ma'aikacin ruwa ya cire hula ya share gumi, ya ce ɗan kwangilar da ya yi aikin ne ya kai musu rahoton an gama. A gaban mai unguwa da fasto ya sa hannu cewa Keziya ba ta da bashin ko kwabo, kuma za a janye ƙara daga kotu.

An fito da ita kan tabarma a inuwar ɗaki. Malam Maharazu ya durƙusa ya gaya mata.

"Inna, an soke. Ba mai taɓa miki kwano."

"Ban ji ba, ɗana. Kunnena ya tsufa. Ɗaga murya."

Ƙarya take yi, matar da ke jin motsin kazata a cikin geronta tun daga ɗakinta! So take unguwa ta ji. Shi ma ya gane, ya miƙe tsaye ya faɗa da ƙarfi har na bayan darni suka ji. Ni na fara rangaɗa guɗa, matan zumuntar coci suka karɓe da waƙa da tafi. Uwar Soja ba ta iya tashi ba, amma kafaɗunta sun yi rawa a cikin bargo. Ma'aikacin ruwa ya matso yana ba da haƙuri, ya ce yanzu za su jawo mata ruwan na gaskiya.

"Ku jawo wa Leah," ta ce. "Ni na gama shan nawa."

Ranar har kunu ta sha, rabin kwanon sha, ta kuma tsokane ni cewa na je birni na zubar wa babban mutum ƙasa a tebur. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin tsoron gobe irin na ranar ba.

Ba ta kai wata kasuwar ba. Da la'asar ce, hadari ya haɗo daga gabas, na farko a shekarar. Ina kwashe shanya Leah ta kira ni. Na samu Uwar Soja a kwance kan gadonta, idonta a sama, Leah na riƙe da hannu ɗaya. Na kama ɗayan. Ruwa ya sauko, rufin ya ɗauki ƙara har ba ka jin maganar na kusa da kai. Leɓenta ya motsa, na kai kunne.

"Ko ɗigo ba ya yoyo," ta ce.

Maganarta ta ƙarshe ke nan, rai ya yi halinsa.

Matan zumunta suka iso a jiƙe, suka ce a kawo ruwan wanka. Randa ba komai, tunda kwana biyu ba wadda ta samu zuwa rafi. Na ɗauki babban daro na fita, na ajiye shi a bakin rufin, inda ruwa ke gangarowa layi-layi daga kwanon. Na zubar da na farko saboda ƙura. Na biyu ya taru fari tas. Na kai wa Leah a bakin ƙofa, ta karɓa da hannu biyu ta shiga da shi, ni kuma na koma cikin ruwan na tara wani.