Kyaftin Bai Taɓa Ganin Giwa Ba

Kyaftin ya ɗan taɓa sitiyari da yatsu biyu, ƙaramin jirgin ya koma kan layinsa. A allon da ke gabansa akwai wani siririn zare ja da na'urar nuna hanya ta shata tun suna ƙasa, da wani farin ɗigo mai bin zaren. Ɗigon nan su ne. Aikin Kyaftin shi ne ya hana ɗigon zamewa daga zaren, kuma kada jirgin ya ƙara sama ko ya yi ƙasa.

"Ɓauna uku, gefen dama," in ji Dogo, mai ƙirgar dabbobi, wanda goshinsa ke manne da tagar baya tun safe.

"Sun shiga," in ji Mai Hoto, mai kula da kyamara. Ita ce a kujerar kusa da Kyaftin, kwamfuta a cinyarta.

A ƙarƙashin cikin jirgin aka ɗaure kyamara, bakinta na kallon ƙasa sak. Tana ɗaukar hoto a kai a kai, kowane hoto da alamar inda aka ɗauke shi. In an koma ofis sai a haɗa hotunan yadda tela ke haɗa ƙyalle, a ƙirga dabbobin dajin, a ga inda itatuwa suka ragu da inda tafki ya ƙafe. Amma da zarar fiffike ya karkata, kyamara ta kalli gefe, sai ɗinkin ya ƙi haɗuwa, layin gaba ɗaya ya tashi a banza.

Shi ya sa Kyaftin, duk shekarun da ya yi yana shawagi a kan dajin nan, bai taɓa ganin giwa ba. Giwayen 'yan kaɗan ne, ga son inuwa. Ranar da suka ga damar fitowa kuwa, ko dai ta ƙarƙashin jirgi, ko ta dama, shi kuma kujerarsa a hagu take, idonsa a kan zare.

Da safen nan ma sai da matarsa ta tayar da maganar, tana miƙa masa kofin shayi.

"Baban yara, ni fa na gaji da kare ka. Maƙwabta duk sun ɗauka kai da giwa har gaisawa kuke yi."

"Ai ina wuce ta kansu."

"Haka gajimare ma yake wucewa. In ka dawo yau ka ce mini layi ka gani, to layin zan dafa maka."

Ya yi dariya, amma maganar ta zauna masa. Yau ce ranar ƙarshe ta aikin bana, kuma an riga an gaya musu cewa daga baɗi jirage marasa matuƙi ne za su karɓi ƙirgar. In bai ga giwa yau ba, sai dai a talabijin.

Rana ta kusa tsaka lokacin da suka hau layin ƙarshe. Zafi ya sa iska ta fara wasa da jirgin, tana ɗaga shi tana saki. Kyaftin ya duba ma'aunin mai. Zai ƙarasa layin ya kai su gida lafiya, amma babu rarar da za a maimaita komai.

Dogo, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ƙara manna goshi da taga. Sai can ya yi magana ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron tada jariri.

"Kyaftin. Giwaye. Suna fitowa daga kurmi, ta dama, za su ratsa ƙarƙashinmu."

Mai Hoto ta leƙa tagarta, ta dafe ƙirji. "Har da 'ya'ya. An daɗe ba a samu hoton ɗan giwa a dajin nan ba."

Kyaftin ya gyara riƙon sitiyari. Abin da ake bukata kaɗan ne: ya sunkuyar da fiffiken dama, tagar Mai Hoto ta kalli ƙasa, ya miƙa wuya. Ko ƙiftawar ido biyar ba za a yi ba.

Mai Hoto ta san zancen layin da za a dafa, don ya ba su labari kafin su tashi. Ta dube shi. "Karkata, Kyaftin. Na yafe layin nan. Zan ce iska ce."

Kyaftin ya dubi allon. Farin ɗigon ya ɗan zame gefen zaren, kamar shi ma yana son leƙawa. Kyaftin ya mayar da shi a hankali.

"In na karkata, 'yata, 'ya'yan nan ba za su shiga ƙirga ba. Bakin Dogo kawai za mu kai ofis, kin kuwa san ba a yarda da shi ko a kan kuɗin shayi." Ya gyara zama. "Dogo, ara mini idonka. Me kake gani?"

"Babba ce, Kyaftin."

"Na san babba ce, ai ba ɓera na aike ka gani ba. Yaya take?"

"Kunnenta kamar ƙofar gareji. Tana gaba, sauran na biye. Ga wani ɗan ƙarami yana gudu, hancinsa na lilo, bai ma san yadda ake riƙe shi ba tukuna. Ya yi tuntuɓe. Ya tashi."

"Madalla da shi," in ji Kyaftin, idonsa a kan zare.

Kyamara ta ci gaba da aikinta, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Kafin su kai ƙarshen layin, garken ya shige wani kurmin, ganye ya rufe shi ruf. Kyaftin ya juya hancin jirgi gida yana 'yar waƙa a maƙoshi.

A ofishinsu na filin jirgi ya daɗe yana goge gilashin jirgin da ba ya bukatar guga. Da la'asar, yana shirin tafiya, Mai Hoto ta fito da wata babbar takarda a naɗe, an ɗaure ta da roba.

"Saƙon Mama ne, maiɗakinka, ba naka ba. Kada ka buɗe a hanya."

Ya tarar da matarsa a tsakar gida tana kwashe shanya. Ba ta ko bari ya cire takalmi ba.

"To? Giwa ko layi?"

"Layi," ya ce. "Amma miƙaƙƙe ne, ba ki taɓa ganin irinsa ba."

Ta girgiza kai tana murmushi, ta karɓi takardar, ta shimfiɗa ta a kan tebur, ta danne gefe da kofi, gefe da kwalbar gishiri. Ta ɗauko tabaranta.

Hoton garken ne daga sama, tar da shi, har ana iya ƙirga tsagar fatar bayansu. Ga ɗan ƙaramin da hancinsa a karkace. A tsakiya kuma, daidai kan bayan babbar, wata baƙar inuwa ta kwanta mai fiffike biyu a miƙe, ko kaɗan ba ta karkata ba. Giwar ta ɗaga kai, ta miƙa hanci sama, tana duban abin da ya gifta mata.

Matar ta daɗe tana kallo. Ta ɗora yatsa a kan inuwar.

"Wannan kai ne?"

"Ni ne."

"Kuma ba ka gan ta ba."

"Ban gan ta ba."

"To ita ta gan ka." Ta cire tabarau, ta soma naɗe hoton. "Je ka wanke hannu, abinci na kan wuta. Bari in leƙa maƙwabta in dawo."