Dokta Ya Sa wa Tantabaru Lokacin Ci

Kwana ashirin kacal Tela ta yi a asibiti tana jinyar 'yarta, ta bar wa ƙanenta gida da tantabaru biyu. Farare ne masu gashi har ƙafa, irin da marigayi mijinta ya shekara talatin yana kiwo, kuma su kaɗai suka rage. Namijin ya tsufa, ido ɗaya ma ya fara hazo. Ranar da za ta tafi, macen na kwance a kan ƙwai biyu. In waɗannan ba su rayu ba, irin ya ƙare ke nan.

Ƙanen nata gyaran waya yake yi a bakin titi, amma kowa Dokta yake ce masa, don ba a taɓa yin tari a gabansa ya yi shiru ba. Kwanan baya ya tsinto wani ilimi a waya, wai mutum ya ci abinci cikin awa huɗu kawai, sauran yinin ya bar ciki ya huta. Tumbinsa ya ɗan sace, shi ke nan fa jama'a suka shiga uku. Ya yi wa matarsa wa'azi, ya yi wa mai kanti, har da mai gadin layinsu wanda ko na awa huɗun bai cika samu ba.

Da Tela ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba ta hango takarda manne a jikin keji, an ja mata layi da rula: abinci ƙarfe biyu zuwa uku. Kwanon hatsin kuwa yana can saman firij, an kife shi da faranti.

"Wannan fa?" ta ce.

"Tsari ne, Yaya. Ai kin lalata su da ci. Tsuntsun daji wa yake ajiye masa kwano?"

"A dajin wa yake kulle shi a keji?"

Bai ma ji ta ba. Ya jawo sikelin kicin yana nuna mata yadda kullum yake auna su, fuskar nan sai sheƙi take yi kamar wanda ya ci jarrabawa.

To, ko wanda bai taɓa kiwo ba ya san ɗan tantabara ba ɗan tsako ba ne, ba ya tsintar abinci da kansa. Uwa da uba ne suke amayo masa abinci baki da baki, tun safe har yamma. In babu komai a maƙoshinsu, me za su ba shi? Dokta dai wayarsa ba ta kai nan ba.

Tela ta zura hannu cikin sheƙa. Ƙwan sun ƙyanƙyashe, su biyun. Ta fito da 'ya'yan a tafin hannu, sun yi sanyi, wuya ya lanƙwashe, ba rai. Macen tana can lungu ta kumbura gashi, da ta ɗauko ta sai ta ji ƙashin ƙirjin kamar bakin wuƙa.

"Jiki ne yake sabawa," in ji Dokta. "Ni ma satin farko na yi ta jiri."

"Kai kwanci ka yi a kan ƙwai?"

Ta sauko da kwanon ta zuba hatsi har yana zuba ƙasa. Tsohon namijin ya faɗa kai yana ci yana tangaɗi. Macen ko kallon hatsin ba ta yi ba. Tela ta jiƙa hatsi, ta buɗe mata baki tana ɗura mata ɗaya-ɗaya, tsuntsuwar tana dawowa da shi. Ba ta kai la'asar ba ta mutu.

Dokta ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a aljihu, sannan ya yi gyaran murya.

"Shi namijin ki bar shi a kan tsarin, Yaya. Yanzu da ba shi da iyali, zai fi saurin karɓarsa."

Tela ta tsani muryarsa, ta tsani kanta da ta yarda da shi. Ta zauna a ƙasa gaban kejin da gawar tsuntsuwar a cinyarta, ta yi ta kuka tana ba mijinta haƙuri.