Tambayar da Ta Kai Gamaliel Edgbaston

Gamaliel bai taso daga unguwar Levenshulme ta Manchester zuwa Birmingham don shan shayi ba, amma Fada Maikano, tsohon malaminsa na katikisim, darasin addini a coci, tun a Kafanchan, ba ya sauraron kowa sai da kofi a hannu. Haka ya zauna a ɗan falon Fada da ke unguwar Edgbaston yana kaɗa ƙafa.

Maganar ita ce, ɗan fashin da ya harbe ƙanensa Jedidiah yana kurkuku a can gida, an yanke masa rataya. Bishop na neman a sassauta, ya ce sai ya ji ta bakin dangi. Mama kuwa ta rantse igiya take so, kuma Gamaliel ne babba, shi ake jira.

"Fada, Fafaroma ya ce hukuncin kisa bai halatta ba. Wannan na cikin maganganun da ba ya kuskure a kansu?"

Tsohon ya hura shayinsa. "A'a. Sai ya yanke magana ta ƙarshe daga kujerar Bitrus, wato da cikakken ikonsa na Fafaroma, a kan bangaskiya ko ɗabi'a, ga Ikilisiya duka. Wannan koyarwa ce mai nauyi, ana so ka bi ta da zuciya ɗaya. Malamai ma har yau suna ta ja-in-ja a kan matsayinta."

Ai da sai a ce Gamaliel zai yi murna, tunda an buɗe masa ƙofar igiya. Ina! Fuskarsa ce ta faɗi.

"To ku ce wa Mama yana ciki mana. Kalma ɗaya ce, Fada. Mama ba ta musu da Fafaroma."

Fada ya ajiye kofin, ya dube shi da kyau. "Au, ashe ba ka son a rataye shi."

Gamaliel ya sunkuyar da kai. Ya daɗe da daina so. Tsoro yake ji kawai, kada uwarsa ta ce ya sayar da jinin ƙanensa don ya sha ruwan Turai.

"Ba zan ɗora wa Fafaroma abin da bai faɗa ba don ka ɓuya a bayansa, ɗana. Shanye shayinka."

A jirgin ƙasa na komawa Manchester wayarsa ta yi ƙara. Mama ce, ko gaisuwa babu.

"Yaya? Fada ya ce dole ne?"

Gamaliel ya kalli taga.

"Ba dole ba ne, Mama," ya ce. "Ni ne ba na so a kashe shi."